Saura Kwalba Biyar

Mahaifina ya fi shekara talatin yana sayar da zuma a kasuwar Tudun Wada. Daga Bebeji yake tashi duk ranar kasuwa, da jarkoki biyu da ludayinsa, ya dawo da yamma rigarsa tana ƙanshin hayaƙi da saƙa. Bai tara dukiya ba, wannan kam kowa ya shaida. Abin da ya tara suna ne. In aka ce zumar Baba ce, ba mai tsoma tsinken ashana ya gwada ko an yi mata haɗi da sukari. Sunan nan shi kaɗai ya dawo da shi gida daga kasuwa, kuma ni ce na kusa zubar masa da shi.

Da gwiwoyinsa suka ƙi, likita ya hana shi doguwar tafiya a mota, sai ya koma zaman zaure. Masu amya na wajen Doguwa da Kiru ba su daina kawo masa zuma ba, don sun saba, kuma ba su yarda da awon kowa ba sai nasa. Zuma tana shigowa, ba ta fita. Ɗakin da ke jikin zaure ya cika da jarkoki, shi kuma yana kan buzunsa yana kallon hanya. Mutumin da ya saba gaisawa da jama'a tun hantsi har la'asar, yanzu sai ya wuni ba mai leƙo shi sai akuyar maƙwabta. Ya rame, kuma na san ba ciwon ƙafar ne ya ramar da shi ba.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma unguwarmu ɗaya da shi. Allah ya yi ni da saurin hannu, da saurin baki, da son a ce na iya. Halin nan nawa shi ya buɗe mana shago, shi ne kuma ya ja mana abin da zan faɗa.

Wata abokiyar aikina, malamar da ke kula da 'yan kwamfutocin makarantarmu, ita ta haɗa mini shago a intanet, Allah ya saka mata da alheri. Hoton kwalabe, farashi, da inda mai saye zai rubuta garinsu da lambarsa. In an saya, mu kai tasha mu ba direbobin hanyar Kano saƙo. Sai kuma ta nuna mini wani abu da ya fi burge ni. Duk wanda ya buɗe shafinmu a wayarsa, wani ɗan akwati zai fito ya tambaye shi ko ya yarda shagon nan ya riƙa turo masa sanarwa. In ya danna yarda, duk ran da na rubuta 'yan kalmomi na tura, sai su faɗo a saman wayarsa ko da bai buɗe shafin ba. In ya danna toshewa, shi ke nan, ba ni da hanyar sake tambayarsa. Waɗanda suka yarda ɗin ba na ganin sunansu, ba na ganin lambarsu, yawansu kawai nake gani.

Na zauna ina yi wa Baba bayanin wannan, ina ta kewaye-kewaye irin na malaman makaranta, a zatona ba zai gane ba. Ya bari sai da na gama.

“To ai sallama ce,” ya ce. “Kin tsaya ƙofar gidan mutum kin yi sallama, ya amsa ko ya ƙi. Wanda ya amsa miki kuwa, amanar ƙofarsa ya ba ki. Kada ki riƙa faɗa masa gida kamar kaza.”

Na yi dariya na ce to. Da na riƙe maganar nan da na huta.

Daga nan muka sa doka: duk Juma'a da hantsi, shi zai faɗi abin da za a tura, ni in rubuta. Makon farko sai da muka yi rigima. Sanarwar ba ta ɗaukar magana mai yawa, layi biyu ne ta yanke sauran, shi kuwa Baba ya fara da ina kwana, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya aka ji da zafi. Na ce Baba, kafin a zo kan zuma wayar ta haɗiye maganar. Ya ce shi bai taɓa jin inda ake tallar kaya ga wanda ba a gaisa da shi ba. Daga ƙarshe muka raba: sallama ta zauna, ba mai taɓa ta, sai labari guda ɗaya. Wani makon a ce farar saƙa ta zo daga Doguwa. Wani makon a ce wanda zumarsa ta daskare kada ya zubar, ba lalacewa ta yi ba, ya sa kwalbar a ruwan ɗumi.

Ba zan manta da yadda ya canza ba. Ranar Juma'a tun kafin in iso ya yi wanka, ya sa riga mai guga da hularsa ta kasuwa, sai ka ce mutanen cikin wayar suna ganinsa. Ina gama turawa zai ce, “Mutum nawa suka amsa sallamar yanzu?” In faɗa masa, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi musu albarka. Da suka haura ɗari biyu, ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Akwai mutum ɗaya cikinsu da na san fuskarsa. A makonnin farko na je kasuwar Tudun Wada don in shaida wa tsofaffin masu sayen Baba inda za su same shi. A rumfar da ya bari na tarar da maƙwabcinsa, wani dattijo mazaunin Doguwa, asalinsa mutumin Zazzau, shi ma zuma yake sayarwa. Shekara talatin suna kafaɗa da kafaɗa, suna ƙwace wa juna masu saye, suna wasan Kanawa da Zagezagi. Baba bai taɓa kiransa da komai ba sai Bazazzagi, shi kuma Bakano. Ni Baffa nake ce masa. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya laluba aljihu ya fito da wata babbar waya da 'yarsa ta saya masa.

“Ungo, sa mini abin nan,” ya ce, “in riƙa sanin ko Bakanon nan yana da rai.”

Ni da hannuna na danna masa yarda. Yana karanta boko a hankali, da yatsa yake bin layi, a ajin manya ya koya. Na gaishe shi na tafi, na kuma manta da shi sarai.

Bayan wasu watanni sai ciniki ya yi sanyi. Ana saye, amma ba yadda nake so ba, ga jarkoki suna kallona duk na shiga ɗakin. A nan ne na ci karo da bidiyon wani matashi mai kwat yana koyar da kasuwancin intanet. Ya ce mutane ba sa motsi sai sun ji tsoron abu zai ƙare, don haka ka nuna musu saura kaɗan. Ya faɗe ta da ƙarfin hali, kai ka ce wahayi aka yi masa. Ni kuwa da son a ce na iya, ban ko kwana a kanta ba.

Wata rana da ba Juma'a ba, ina ofishin malamai, na rubuta: “Saura kwalba biyar! Yi sauri!” Ba sallama, ba komai. Na tura.

Kafin a tashi makaranta saƙonnin masu saye sun cika wayar. Ranar na ji kaina ya yi girma. Baba yana ta ɗura kwalabe yana cewa Allah ya buɗa mana, ni kuma ina amin, ban ce masa uffan ba. Mako na biyu na sake. Na uku sai na ga abin ya fara saki, mutane sun saba da kwalabe biyar ɗin nan da ba sa ƙarewa, don haka na ƙara gishiri. Na rubuta: “Zumar Baba ta ƙare, saura kwalba biyar. Ba mu san ranar da za a sake kawo mana ba.” Har na yaba wa kaina da iya tsara magana.

Ranar kasuwar Tudun Wada da ta biyo baya, an yi hutun makaranta, ina zaure ina liƙa wa kwalabe takarda. Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani dattijo ya sauko da ƙyar yana dafa kafaɗar mai babur ɗin, a bayansu an ɗaure wata jarka ruwan ɗorawa da igiyar roba. Baffa ne. Tun asuba ya shiga mota daga Doguwa, ya wuce Tudun Wada bai sauka ba, ya bar rumfarsa ba kowa a ranar kasuwa.

Baba ya yi ƙoƙarin miƙewa, Baffa ya hana shi. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe shi. Sai Baba ya dube shi da kyau.

“Bazazzagi, lafiya kuwa? Ka shigo gidana har yanzu ba ka tsokane ni ba.”

“Bari kawai,” in ji Baffa. “Na ga abin da ya faru. Haba malam, ai da sai ka aiko mini. Shekara talatin muna cin abinci kwano ɗaya, a ce masu amya sun juya maka baya don ka zauna, ni kuma sai a waya zan gani?”

“Wa ya juya mini baya?”

“Ka daina ɓoye mini. Sanarwa ta farko da ta biyu na ce kasuwa ce ta yi kyau, na yi maka murna. Ta ukun nan sau uku na karanta ta. Har na tare ɗaya daga masu kawo maka a hanya na wanke shi tas. Yana ta rantsuwa wai bai fi kwana goma da kawo maka ba, na ce masa ƙarya yake.” Ya nuna jarkar da mai babur ya shigo da ita. “Ga wannan, farar saƙa ce, ita na ɓoye wa azumi. Ka riƙe mutanenka da ita kafin Allah ya kawo mafita.”

Ya miƙa wa Baba wayarsa. Idon Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya juyo gare ni.

“Uwata, me wayar ta ce?”

Na sha karanta wa yara abubuwa a gaban allo, ban taɓa karatun da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. Na karanta kalmomina da bakina. Ƙofar ɗakin zuma tana nan bayan Baba, taku biyu, a rufe, ƙanshin yana fitowa ta ƙarƙashinta. Da Baba ya so, da ya rufa mini asiri. Abin da zai yi kawai shi ne ya karɓi jarkar, ya yi godiya, baƙo ya tafi da farin ciki, mu kuma mu yi faɗanmu a cikin gida. A raina abin da nake roƙo ke nan.

Sai Baba ya ce, “Buɗe masa ɗakin.”

Na buɗe. Baffa ya taso ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon jarkoki jere har bango. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai ce.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Alhamdu lillahi. Ashe ba komai.” Sai ya fashe da dariya, har yana share ido da bakin rawaninsa. “Kai, Bakano, ka hana ni barci kwana uku a banza!”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Murna yake yi tsakani da Allah, don abokinsa bai shiga wani hali ba. Baba kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce a mayar wa Baffa jarkarsa kan babur, Baffa ya ce abin da ya ɗauko da niyyar ɗan'uwansa ba zai koma Doguwa ba. Ya ci abinci, suka yi azahar tare. Da zai tafi na raka shi ƙofar gida, na kasa haɗa ido da shi.

“'Yata, kada ki damu,” ya ce. “Mu mutanen da ne. Abin da muka gani a rubuce, ɗauka muke haka yake.”

Da na dawo zaure, maimakon in yi shiru sai bakina ya ja ni. Na ce Baba, kowa fa haka yake yi, talla ce kawai, kuma ai kai ma ka ga yadda kaya suka fita.

“Talla ita ce ki ce zumata tana da daɗi,” ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. “Wannan labari kika ba su, kuma ba haka yake ba. Da sunan wa kika faɗa?”

“Da naka.”

Juma'a ta zo, na same shi da tsohuwar rigarsa ta zaman gida, hular kasuwa tana rataye a ƙusa. Na fito da waya, ya ce in mayar. “Rufe shagon nan, Uwata. Gara zumar ta daskare a ɗaki.”

A nan na yi kuka, kukan gaske. Ba cinikin nake ji ba. Na ga zai koma kallon hanya da akuyar maƙwabta, kuma ni na mayar da shi. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya yafe tun ranar, amma ba shi na yi wa ba, mutanen da suka amsa mini sallama na yi wa, su zan nema. Na ce ina zan gan su, ban san sunansu ba, ban san garinsu ba. Ya ce ta ƙofar da na shiga na yi ɓarnar, ta nan zan koma.

Malamar kwamfuta ta ce mini hauka zan yi, ba mai shagon da ke tura irin wannan, toshe ni za su yi. Ni ma na so in sassauta. Na rubuta cewa an samu kuskure a sanarwar da ta gabata, na karanta wa Baba. Ya girgiza kai, ya ce kuskure shi ne ka zuba rabin kwalba kana zaton ta cika. Na goge. Na rubuta an samu rashin fahimta, ya ce su kam sun fahimta sarai, har wani ya taso daga Doguwa. Na sake gogewa. Abin da ya rage daga ƙarshe bai cika layi biyu ba: “Salamu alaikum. Zuma ba ta ƙare ba. Ƙarya na yi muku, Baba bai sani ba. Ku yafe mini. 'Yarsa.”

Na rufe ido na tura.

Malamar ta yi gaskiya. Ina kallo adadin yana sauka, yau biyar, gobe goma, sai da wajen mutum arba'in suka toshe. Waɗannan sun tafi ke nan, ba ni da hanyar sake yi musu sallama har abada, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Wani mutum ya kira daga Zariya ya yi mini faɗa kamar shi ya haife ni, na ce na gode. Wata mata daga Kano ta ce ba ni take nema ba, in ba Baba wayar ta gaishe shi. Sauran ba su ce komai ba, sun dai bar ƙofarsu a buɗe, kuma ban san yadda zan gode musu ba.

Zumar Baffa kuwa Baba ya ce ba ta sayarwa ba ce. Waɗanda suka saya a makonni ukun nan muna da lambobinsu, sai ya sa aka ɗura ta a ƙananan kwalabe, aka aika wa kowannensu ɗaya. Ya ce gyara ce, irin wadda ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo. Amma bai ce a buɗe shago ba, bai ce a rufe ba, hularsa kuma tana nan a ƙusa. Juma'a biyu suka wuce ban tura komai ba.

Da jarkar ta ƙare na wanke ta, na shanya, na ce bari in ba direban Doguwa ya mayar masa.

“Haka nan?” in ji Baba. “Wa ya koya miki mayar da mazubin mutane wayam?”

Ya sa na buɗe jarkokinmu ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa, sai da ya zaɓi wadda ta fi, aka cika jarkar Baffa har wuya. Sannan ya ce ba direba ne zai kai ba. Na tuna masa maganar likita, ya ce likita bai ce kada ya mayar wa mutane kayansu ba. Maigidana ya aro mota, aka kwantar masa da kujerar gaba, aka tokare gwiwoyin da matashi. Sai da muka fito zaure na lura hular ba ta kan ƙusa, tana kansa.

Kusan shekara biyu rabonsa da kasuwar Tudun Wada. Daga inda muka ajiye mota zuwa rumfar ba nisa, amma mun fi rabin awa, don kowane taku sai wani ya taso. Masu barkono, masu igiya, mai nama, kowa yana riƙe hannunsa. Mai amyar da Baffa ya ƙaryata yana kasuwar, Baba ya sa aka kira shi, ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, ni ma na durƙusa na ba shi. Baffa ya matsa masa a kan tabarma, daidai wurin da ya saba zama. Ya buɗe jarkar, ya tsoma yatsa ya lasa, ya yatsina fuska.

“An yi mata haɗi,” ya ce.

“Ina Bazazzagi ya san zuma,” in ji Baba.

Na koma gefe na zauna ina kallonsu. Na gode wa Allah da ya sa ƙaryata ta faɗa hannun mutumin da ya ɗauke ta da gaske har ya ɗauro jarka, ba don shi ba da har yau ina yi ina yabon kaina. Ina cikin wannan tunanin sai na ji muryar Baba.

“Uwata, kawo wayar nan.”

Ba Juma'a ba ce, amma ban tsaya tuna masa ba. Ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya, ya faɗa ina rubutawa: “Salamu alaikum. Zuma tana nan da yawa, ba gaggawa. Baba yana gaishe ku.”

Na tura. Ba a daɗe ba sai ga ƙara daga aljihun Baffa. Ya laluba ya fito da wayar, ya matso da ita kusa da idonsa, ya ɗora yatsa yana bin layin a hankali, ga mai sallamar zaune gwiwarsu tana gugar juna. Da ya kai ƙarshe ya kashe wayar, ya mayar aljihu, ya juya ya dubi Baba.

“Wa alaikumus salam,” ya ce.